Bakin 'Yan Kallo: Nazarin Ra'ayoyin Magoya Bayan Dambe da Kokawa a Ƙasar Bagwai

Tsakure

Akasarin ayyukan da aka gudanar a kan dambe da kokawa sun karkata ne ga ɗan wasa da makaɗinsa, aka bar ɗan kallo tamkar wanda ya zo cika fage kawai. Wannan maƙala ta waiwayi ɗan kallon, ta ɗauki ƙasar Bagwai ta Jihar Kano a matsayin farfajiya. An nazarci irin ra'ayoyin da magoya baya kan bayyana game da damben gargajiya da kokawar gargajiya da kuma kokawar Turawa ta talabijin, wadda ake kira reslin. An dogara da kalmomin fannu da salon maganar da aka saba ji a fage da majalisu da gidajen kallo, tare da duba rubuce-rubucen magabata. Maƙalar ta gano cewa a tsarin gargajiya ra'ayin ɗan kallo hukunci ne mai aiki, domin shi ke tabbatar da kisa, shi ke biyan jarumi, shi ke raɗa masa suna, kuma shi ke adana tarihinsa. Ta kuma gano cewa komawar wasannin zuwa gidajen biyan kuɗi da fuskar waya ta yawaita masu ra'ayi, amma ta rage wa ra'ayin ɗan karkara nauyi.

Fitilun Kalmomi: Dambe, Kokawa, 'Yan Kallo, Ra'ayi, Bagwai

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan ce gani ya kori ji. A fagen dambe da na kokawa, wanda ya gani shi ne mai magana, kuma maganarsa ce ke zama labari bayan an watse. Karawar maza biyu takan ƙare cikin 'yan mintoci, wani lokaci ma kafin ƙiftawa da bismilla, amma musun da take haifarwa yakan kai wata kakar. A teburin mai shayi da wajen sussukar gero da bakin kasuwa, ana ta maimaita yadda wane ya shiga, da yadda ya kauce, da hannun da ya kai abokin karawarsa ƙasa.

A ƙasashe irin su Amurka da Kanada an daɗe da mayar da ra'ayin magoya bayan wasannin sana'a abin nazari da kuma hajar kasuwa, har jaridu da gidajen rediyo suna keɓe masa filaye. Wasannin da ke tara jama'a a can, irin su besbol da ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, ba su da gindin zama a karkarar Kano. Waɗanda suka yi daidai da su wajen tara jama'a da tayar da musu su ne dambe da kokawa, sai ƙwallon ƙafa da ta zo daga baya. Saboda haka maƙalar ta sa tambayoyi uku a gaba. Wane aiki ra'ayin ɗan kallo ke yi a waɗannan wasanni? A kan waɗanne ma'aunai yake gina shi? Me ya sami wannan ra'ayi bayan wasannin sun bar dandalin ƙauye?

1.1 Farfajiyar Nazari

Bagwai ƙaramar hukuma ce a arewa maso yammacin birnin Kano, tana maƙwabtaka da Bichi da Shanono da Tsanyawa. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutum 162,847 a faɗin ƙasa mai murabba'in kilomita 405. Daga cikin garuruwanta akwai Gadanya da Kiyawa da Romo da Gogori da Rimin Dako da Ɗangaɗa da Sare-Sare. A nan ne kuma madatsar ruwa ta Watari take, wadda ake noman rani a ƙarƙashinta.

Yankin na cikin ƙasar noma mai cunkoson jama'a da ta kewaye Kano, irin wadda Michael Mortimore da Polly Hill suka yi rubuce-rubuce a kanta. Wannan siffa tana da alaƙa ta kai tsaye da batun maƙalar. Inda gona ke jingine da gona, ƙauye ke hangen ƙauye, saurayi zai iya zuwa wasa a garin maƙwabta ya dawo gida a daren. Ɗan kallo a irin wannan wuri ya san mahaifin ɗan wasan, ya san gonarsu, watakila ma sun yi gayya tare. Ra'ayin da zai bayyana a kan mutumin da zai gamu da shi gobe a masallaci ko a kasuwa yake bayyana shi, don haka akwai nauyi a kansa.

1.2 Waiwayen Ayyukan Magabata

Smith (1957) ya nazarci roƙo da kirari a al'ummar Hausawa, ya nuna yadda maroƙi ke bayyana matsayin mutum a bainar jama'a. Powe (1994) ya siffanta wasannin jarumta na arewacin Nijeriya, ciki har da dambe da kokawa. Ayyukan Sa'idu Muhammad Gusau a kan waƙar baka sun fayyace rukunin makaɗan maza da tarihin fitattunsu. Daga waje kuma, Barthes (1957) ya yi sharhi a kan kokawar nishaɗi ta Faransa, inda ya nuna cewa abin da mai kallonta ke nema shi ne ganin an saka wa mugu, ko da kuwa ya san shiri ne. Geertz (1972) ya nazarci faɗan zakaru a tsibirin Bali, ya nuna cewa mutuncin masu zakarun da na danginsu ne ake gwadawa a fagen. Waɗannan ayyuka sun haska ɗan wasa da makaɗi da ma'anar taron, amma bakin ɗan kallo Bahaushe bai sami kulawar da ta dace da shi ba. Wannan giɓi ne maƙalar ke son taɓawa.

2.0 Fage da Mutanensa

A al'adance, kaka ce lokacin waɗannan wasanni. Idan amfanin gona ya shiga rumbu, aka sami sukuni da ɗan abin hannu, sai a shiga bukukuwa irin su kalankuwa, samari su yi ta zagaya garuruwa. An fi danganta dambe da mahauta, shi ya sa kalangu ya zama abin kiɗansa, kokawa kuwa ta fi yaɗuwa a tsakanin samarin manoma. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle da zare, ya bar ɗayan a buɗe don kariya. Ana yin turmi uku, kuma idan hannun mutum ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. A kokawa babu duka, abin nema shi ne kaye.

Da'irar da ke kewaye da fagen ba taron yuyuyu ba ce, tana da tsari. Akwai tsofaffin 'yan wasa da dattawa, waɗanda maganarsu ke raba gardama. Akwai samarin gari, masu ihu da rugawa cikin fage su ɗaga gwaninsu. Akwai masu hali, irin su sarkin fawa da 'yan kasuwa, waɗanda ke yin kari. Akwai 'yan mata masu talla da masu guɗa, waɗanda idonsu kan sa saurayi ya ƙi ja da baya. Daga can gaba kuma yara ne a durƙushe, suna haddar abin da za su kwaikwaya gobe a dandali. Kowane rukuni da irin ra'ayinsa da kuma hanyar da yake bayyana shi.

3.0 Ayyukan Ra'ayin Ɗan Kallo

3.1 Alƙalanci

A fagen ƙauye akwai mai raba 'yan wasa, amma babu agogo, babu na'urar maimaita hoto. Idan mutum ya kai ƙasa, sowar jama'a ce ke fara bayyana hukunci. Inda aka sami saɓani, wani ɓangare na cewa kisa ne, wani na cewa santsi ne ya kwashe shi ko turo shi aka yi, sai a koma ga dattawan da ke bakin fage. Hukuncin da jama'a ba su gamsu da shi ba ba ya zama, ko da an ɗaga hannun wani, domin gobe a majalisa za a warware shi.

Alƙalancin yana farawa tun kafin a sa zare. Jama'a kan ƙi amincewa da haɗin da bai dace ba, su ce wane ba sa'an wane ba ne. Haka kuma sukan tilasta karawar da ɗan wasa ke kauce mata. Da zarar an fara cewa wane yana gudun wane, to ba shi da sauran sukuni sai ya fito, domin an riga an jefa masa karin maganar nan ta in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ta wannan hanya bakin jama'a ke tsara wanda zai kara da wani, aikin da a wasannin zamani hukuma ko kamfani ke yi.

3.2 Kari

A dandalin ƙauye ba a sayar da tikiti. Abin da ɗan wasa da makaɗinsa za su koma da shi gida yana fitowa ne daga karin da aka yi musu, ko kuɗi ko riga ko damin hatsi. Kari ra'ayi ne da aka bayyana da dukiya, kuma a fili ake yin sa, maroƙi yana shelanta sunan mai bayarwa da abin da ya bayar. Abin lura a nan shi ne ba wanda ya yi kisa kaɗai ake yi wa kari ba. Yaron da ya tsaya wa babban ɗan dambe har turmi uku, ko wanda ya faɗi bayan ya nuna zuciya, yakan sami abin da ya fi na wanda ya yi nasara ta hanyar noƙe-noƙe. Wannan na nuna cewa jama'a na da ma'aunin da ya wuce sakamakon karawa, kuma suna da ikon saka wa wanda ya cika shi nan take.

3.3 Raɗa Suna

Kaɗan ne daga cikin 'yan dambe aka sani da sunan yanka. Laƙabin da suke amsawa yana bin wasu ƙa'idoji da suka cancanci kulawar masu nazarin harshe:

i. Shagon wane: yaron da ya tashi a hannun wani ɗan dambe.
ii. Autan wane: na ƙarshe a cikin yaran gidan.
iii. Bahagon wane: mai naɗa hannun hagu, kamar Bahagon Sanin Kurna.
iv. Garkuwan wane: wanda ke tare wa ubangidansa faɗa, kamar Garkuwan Cindo.
v. Laƙabin siffa ko na dangantaka, kamar Dogo Mai Takwasara da Ali Ƙanin Bello.
vi. Laƙabin abin tsoro, kamar Ebola, wanda aka aro daga sunan cutar da ta addabi Afirka ta Yamma.

Ko ubangida ne ya fara furta laƙabi, ko makaɗi, ko ɗan wasan da kansa, ba ya kama shi sai jama'a sun karɓa sun yi ta kira. Wanda ya raɗa wa kansa sunan da ya fi ƙarfinsa, 'yan kallo kan juya sunan ya koma abin zolaya. Yawancin laƙuban kuma suna ɗauke da salsala, wato suna gaya wa mai sauraro gidan da ɗan wasa ya fito, kamar yadda ɗalibin ilimi ke ambaton malaminsa.

3.4 Adana Tarihi

Dambe da kokawar karkara ba su da kundin da ake rubuta wanda ya kashe wani. Ma'adanarsu ita ce ƙwaƙwalwar waɗanda suka gani da kuma waƙar makaɗa. Waƙoƙin Muhammadu Bawa Ɗan'anace sun sa sunayen Shago da Ɗandunawa sun wanzu, har matasan da ba su taɓa ganin ko hotonsu ba suna musu a kan wanda ya fi wani. Sai dai makaɗi ba shi kaɗai ke wannan aiki ba. Daga abin da fage ya shaida yake ɗibar kayan waƙarsa, kuma idan ya zuga wanda jama'a suka san rago ne, waƙar ba ta karɓuwa. Gwanayen ƙauyuka da ba su sami babban makaɗi ba kuwa, tarihinsu kacokan yana bakin tsararrakinsu. Duk dattijon da ya rasu a irin garuruwan Bagwai, yakan tafi da wani yanki na wannan tarihi.

4.0 Ma'aunan Gina Ra'ayi

4.1 Gaskiyar Karawa

Babban ma'auni a wajen ɗan kallo Bahaushe shi ne karawa ta kasance ta gaskiya, wato kowane ɗaya daga cikin mazan biyu yana iya faɗuwa, kuma babu wanda ya san ƙarshenta. Babu zargin da ya fi muni a fage kamar a ce an sayar da wasa ko an yi haɗin baki. Ɗan damben da aka kashe yana iya dawo da martabarsa a karo na gaba, amma wanda aka yarda cewa ya karɓi kuɗi ya kwanta, da wuya sunansa ya wanku.

Kokawar Turawa ce ta fi fito da wannan ma'auni fili. Ta shigo ta hanyar talabijin da kaset ɗin bidiyo, daga baya gidajen kallo da tauraron ɗan'adam suka yaɗa ta, har sunaye irin su Hulk Hogan da Undertaker da John Cena suka zama sanannu ga yaran karkara. Musun da ya fi yawa a kanta shi ne ko da gaske ake yi ko shiri ne. Kamfanin da ya fi shahara da ita, wanda ya koma amsa sunan WWE a 2002, ya riga ya bayyana wa 'yan majalisar jihar New Jersey ta Amurka a 1989 cewa abin da yake gabatarwa nishaɗi ne. Amma wanda ya saba da fagen dambe bai buƙaci wannan bayani ba. Hujjarsa daga abin da idonsa ya sha gani take: naushi ɗaya mai kyau yana kwantar da ƙato, to yaya za a maka wa mutum kujerar ƙarfe a ka, ya tashi ya ci gaba da faɗa?

A nan ne abin da Barthes ya faɗa game da mai kallon Faransa ya bambanta da halin mai kallon Bagwai. Na farko ya karɓi shirin a matsayin sharaɗin jin daɗinsa. Na biyu kuwa, da ya tabbatar shiri ne, sai ya cire abin daga rukunin wasan maza ya mayar da shi rukunin fim. Shaidar haka tana cikin kalmomin da ake amfani da su, domin akan kira 'yan reslin da jarumi da bos, kalmomin da aka saba da su a kallon finafinan Indiya da na Sin. Ba a jin wanda ya kira ɗan dambe bos. Ana kallon reslin don dariya da mamaki, amma ba a jingina mutuncin gari a kansa.

4.2 Ɓangaranci

Ma'auni na biyu shi ne na wa ne. A tsarin ƙauye amsar a bayyane take, domin kowa gwanin garinsu yake bi, naka sai naka. So kuwa hana ganin laifi ne, shi ya sa faɗuwa guda kan sami fassara biyu, gwargwadon gefen da mai magana ya zauna. Duk da haka adawar tana da linzami, saboda garuruwan da ke karawa suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya, wasu ma akwai wasan barkwanci a tsakaninsu.

Da dambe ya zama sana'ar birane, sai ɓangarori uku suka maye gurbin garuruwa, wato Kudu da Arewa da Guramada. Mai kallo a gidan dambe yakan zaɓi ɓangare ya riƙe, ya yi murna da nasarar mutumin da bai san garinsu ba, don kawai sun haɗa tuta. A Jamhuriyar Nijar kuwa hukuma ce ta tsara ɓangarancin. Tun 1975, lokacin mulkin Seyni Kountché, aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukar takobi. A yau jihohi 8 ne ke shiga, kowace da 'yan kokawa 10, kuma Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobin har sau 6. Ɗan Nijar jiharsa yake goya wa baya. Mai bibiyar gasar daga karkarar Kano, da yake ba shi da jiha a ciki, gwani yake zaɓa saboda salon kamunsa ko natsuwarsa.

Matakin ƙarshe na wannan tafiya shi ne na ƙwallon ƙafa. Ban da Kano Pillars da ake bi don kishin gida, saurayi kan ce shi ɗan Arsenal ne ko ɗan Barcelona, ya yi fushi ya ƙi cin tuwo saboda wasan da aka buga a Ingila ko Sifaniya. Idan aka jera matakan, za a ga goyon baya yana tashi daga wanda aka sani ido da ido, zuwa ɓangare, zuwa suna kawai. A kowane mataki zafin musu bai ragu ba, abin da ya ragu shi ne tasirin mai musun a kan wasan.

4.3 Asiri da Ƙarfi

Ɗan dambe da ɗan kokawa kan shiga fage da laya da kambu da guru, kuma 'yan kallo na lura da su kamar yadda suke lura da damtse. Idan gwani ya faɗi, akan ji bayani iri uku. Wasu su ce an fi shi shiri, wato asirin abokin karawarsa ya rinjayi nasa. Wasu su ce ranar ce ba tasa ba, su mayar da abin ga ƙaddara, tare da tunatar da cewa gaba da gabanta. Matasa masu kallon wasannin waje kuma sukan kawo zancen atisaye da abinci da bambancin nauyi, wani lokaci da zargin shan ƙwaya.

Bayani na farko da na biyu suna da wani aiki da ya wuce neman dalili. Suna ba wanda aka kayar mafita, ya koma gida ba tare da an ce ƙarfinsa ne ya ƙare ba. A al'ummar da mai nasara da wanda aka kayar za su ci gaba da zama tare, irin wannan sassauci yana kare zumunci. Bayani na uku ba shi da wannan rangwame, domin yana ɗora laifin kacokan a kan ɗan wasan.

4.4 Mahangar Addini

Ra'ayin jama'a bai rabu da abin da suke ji a wajen malamai ba. Kokawa ta fi samun sauƙi, domin akan kafa hujja da ruwayar da ta nuna Manzon Allah (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Dambe kuwa yana fuskantar suka saboda hanin da ya zo a hadisi game da dukan fuska, da kuma cutar da jiki. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na Makka a 1987, ta haramta damben zamani da kokawar da ba ta da ƙa'idar kare lafiya. Ga kuma abubuwan da kan raɓi fage, irin su tsafi da caca da cakuɗuwar maza da mata, waɗanda suka ƙara jawo hankali bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000 da kafa Hukumar Hisba a 2003. Wannan ya haifar da wani rukunin masu ra'ayi, wato waɗanda ba sa zuwa fage don kare mutuncinsu, amma sun san duk wanda ya kashe wani, kuma suna tofa albarkacin bakinsu idan musu ya tashi.

5.0 Daga Dandali Zuwa Fuskar Waya

Abubuwa da dama sun taru sun raunana fagen ƙauye. Noman rani, irin wanda ake yi a Watari, ya cike watannin da a da suke na hutu, domin mai shinkafa ko tumatir ko albasa a fadama ba shi da lokacin yawon wasa. Makaranta da cin rani da sana'ar acaɓa sun ɗebe samari. Gwanin da ya yi fice kuma ba ya zama a gida, yakan nufi inda kuɗi suke, kamar dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano ko gidan damben Dei-Dei a Abuja, inda ake biyan kuɗin shiga, ake kuma sa gasar babur ko ta mota.

Bayan haka sai intanet ta zo. Tashoshin YouTube irin su Dambe Warriors sun kai wasan ga masu kallo a ƙasashen da ba a jin Hausa, kamfanoni irin su African Warriors Fighting Championship kuma suka shigo da rukunin nauyi da ƙayyade lokacin turmi da ajiye ma'aikatan lafiya. Babu mai musun alfanun wannan, musamman ta fuskar kare rayuka da ƙaruwar abin da ɗan wasa ke samu.

Sai dai idan aka koma ga ayyuka huɗu da aka bayyana a sashe na 3.0, za a ga kowannensu ya sauya hannu. Alƙalanci ya koma ga mai usur da hoton da ake maimaitawa. Biyan ɗan wasa ya fi dogara ga mai gidan dambe da masu ɗaukar nauyi. Sunan da zai yi tashe shi ne wanda ya yi kasuwa a Facebook da TikTok. Tarihi kuma ya koma rumbun kamfani, kuma abin da aka fi yaɗawa shi ne 'yan daƙiƙoƙin kisa, a yanke kirari da take da zagayen fage, alhali a cikinsu ne ɗan kallon gargajiya ke karanta zuciyar ɗan wasa.

Akwai wani abu kuma da ya shafi ɗan karkara musamman. Da yawa ba sa kallon waɗannan hotuna kai tsaye a intanet saboda tsadar data da raunin sabis. A wajen masu cajin waya ake tura musu, ko aboki ya tura wa aboki. Irin wannan kallo ba ya shiga lissafin da kamfani ke dubawa don sanin wanda jama'a ke so. Ke nan mutumin da garinsu ya haifi ɗan damben, wanda ya fi kowa sanin ƙimarsa, shi ne wanda ba a ƙirga ra'ayinsa.

6.0 Sakamakon Nazari

Daga abin da ya gabata, maƙalar ta fito da waɗannan sakamako:

i. A tsarin gargajiya ɗan kallo abokin aiki ne a wasan, yana hukunci, yana biya, yana raɗa suna, yana adana tarihi.
ii. Gaskiyar karawa ita ce ma'aunin da ke gaba da sauran, kuma da ita aka ware reslin daga wasannin maza aka haɗa shi da fim.
iii. Goyon baya ya tashi daga na gari zuwa na ɓangare, sannan zuwa na suna, kuma tasirin mai goyon bayan yana raguwa a kowane mataki.
iv. Danganta faɗuwa ga asiri ko ƙaddara hanya ce ta kare mutuncin wanda aka kayar da kuma zumuncin garuruwa.
v. Sabon tsarin kasuwancin dambe ya inganta lafiya da samun ɗan wasa, amma ya mayar da ɗan kallon karkara mai karɓa kawai.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta yi ƙoƙarin nuna cewa maganganun da ake yi a bakin fage da bayan an watse wani ɓangare ne na wasan kansa, kuma reshe ne na adabin baka da ya ƙunshi laƙabi da zambo da habaici da labarin jarumai. Misalin ƙasar Bagwai ya nuna yadda kusancin garuruwa ya ba wannan ra'ayi ƙarfi, da yadda sauyin tattalin arziki da na sadarwa ke janye ƙarfin. Akwai buƙatar sassan nazarin Hausa na jami'o'i, da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, su naɗi bayanan tsofaffin 'yan wasa da 'yan kallo na karkara, su tattara kalmomin fannun da laƙuban, tun masu su suna raye. Haka kuma ya kamata masu shirya gasa su riƙa kai wasu karawa garuruwan da 'yan wasan suka fito a lokacin kaka, su bar wa kari da kirari gurbinsu a cikin sabon tsarin. Wani fagen da ke jiran manazarta shi ne kwatanta kalmomin magoya bayan dambe da na magoya bayan ƙwallon ƙafa a gidajen kallo, don gano abin da ɗaya ya ara daga ɗaya.